Lemun Tsamin Bayan Gida Bai Yi Fure Ba

Gwarinpa, Abuja

Zuwa ga autata Godiya,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya san ki tun kina cikina, kafin ni kaina in ga fuskarki. Salamarsa ta zauna a zuciyarki, ta kuma riga ki isa inda za ki. Ya tsare miki hanya, ya ba direba natsuwa, ya haɗa ki da mutanen kirki a kowace tasha.

Kin san ni da surutu a gaban allo, amma in magana ta matso kusa da zuciya sai harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na zauna a teburin da nake duba takardun ɗalibai na ɗauki biro. Baƙi na ɗauka, ba jan nan da kika sani ba.

Gobe motar da za ta kai ki aikin ungozoma a ƙaramin asibitin ikkilisiya, can cikin duwatsun Adamawa, za ta tashi. Akwatinki a ɗaure yake, amma na san har yanzu ba ki tabbata za ki hau motar ba. Ranar da aka kira ki aikin, kin same ni a kicin ina tankaɗe garin tuwo, kika ce, "Mama, zuciyata ta karɓa, amma ƙafata ba za ta taka mota ba sai kin sa mini albarka da bakinki." Ni kuwa na ce, "Bari in ji daga wurin Ubangiji tukuna." Tun ranar kike jira, kina kallon bakina duk lokacin da na buɗe shi, ko da gishiri zan ce ki miƙo.

To ki saki ranki. Albarkar tana nan, taki ce. Sai dai ina so ki san abin da ya tsare ta, don kada ki tafi da zaton Ubangiji ne ya yi jinkiri. Uwarki ce ta yi.

Rayuwata duka lissafi na koyar. Duk wanda ya bi ta ajina ya san dokata: ba na karɓar amsa tsirara. Ko amsarka daidai ce, in ba ka nuna mini hanyar da ka bi ba, sai ka ga jan biro a gefen takarda: "Ina aikin?" A aji wannan doka ce mai kyau, ba na kuma nadamarta. Kuskurena shi ne na fito da ita daga aji, na shiga da ita ɗakin addu'a. Allah ya yi alkawari, ni kuma in ce masa, "Ina aikin? Nuna mini." Ran Lahadi in tsaya gaban matasan coci ina koya musu bangaskiya da murya mai zaƙi, ran Litinin in shirya wa Mahaliccina jarrabawa. Babanki ya daɗe yana gaya mini, "Malama, Allah fa ba ɗan ajinki ba ne." Ina dariya, ina ci gaba.

Bari in fara miki da wanda ya fi ban dariya, ko da yake a lokacin ba dariya nake yi ba.

Sa'ad da babanki ya fara zuwa zance gidan Goggo Saratu, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, ni sabuwar malama ce. Na san shi sarai. Tare muke cikin mawaƙan coci. Na ga yadda yake kula da tsohuwarsa, na ga ba ya ƙarya ko a wasa, na ga in ya yi fushi shiru yake yi har ya huce. Amma wasu 'yan'uwa a zumuntar matan coci sun koya mini wata dabara. A yi azumi, a rufe ido, a buɗe Littafin Allah duk inda ya buɗu, a ɗora yatsa. Inda yatsa ya sauka, nan amsa take.

Na yi yadda suka ce. Da na buɗe ido, yatsana yana kan jerin sunaye, wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane. Na ce wannan bai fito sosai ba, na sake. Sai ga awon katakon gini, tsawo kaza, faɗi kaza. Na sake, sai ga yaƙi da annoba. Na rufe Littafin, na aika wa babanki Ishaya cewa ya dakata. Bawan Allah ya dakata. Damina ta shigo ta fita yana dakatawa, har danginsa suka fara nuna masa wata yarinya.

Wata rana Goggo tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Rifkatu, me yaron nan ya yi miki?"

Na ce, "Ba komai, Goggo. Alama nake jira."

"Alamar me? Ɓarawo ne?"

"A'a."

"Mashayi ne?"

"A'a, Goggo."

"Kina son sa?"

Na sunkuyar da kai.

Sai ta ajiye faifan ta ce, "Allah ya ba ki ido, ya ba ki kunne, ya ba ki boko har ya yi miki yawa, sai ki rufe idon ki ce yatsa ya gano miki miji? Maganar Allah kika mai da katin caca? Tashi ki aika a kira shi kafin in je da kaina."

Har yau babanki yana tsokanata, wai ai yatsan ya faɗi gaskiya tun bugun farko: wane ya haifi wane, ga yayanki Bulus, ga ke Godiya. Ni kuma ina ce masa abin da ya sa dabarar ba ta da amfani ke nan, kowa zai iya lanƙwasa ta yadda ransa yake so.

Saboda haka, 'yata, ki karanta Maganar Allah da idonki a buɗe. Ki karanta ta yadda ake cin tuwo, loma bayan loma, kowace rana, ba yadda ake zaro ƙuri'a daga cikin hula ba. Wanda ya ƙoshi da ita, in ranar yanke shawara ta zo, ba ya bukatar rufe ido, domin ya riga ya san halin Mai maganar. In kuma wani saurayi ya fito a can, ki dubi halinsa, ki tambayi waɗanda suka san shi, ki yi addu'a, ki kira mu. Yatsanki kuwa ki bar shi ya yi aikin allura.

Na biyun ba shi da daɗin faɗa. Kin san rabinsa, ba ki san rabin da ya shafe ni ba.

Lokacin ina koyarwa a Paikon Kore, yayanki Bulus bai ko shiga makaranta ba, ke kuwa ba a haife ki ba. Babanki yana aiki a cikin gari, sai ƙarshen mako yake zuwa. Cikin zafin bazara zazzaɓi ya kama Bulus. Asibiti yana Gwagwalada, sai an hau babur an sha rana. Na gaji, ga takardun jarrabawa jibge a gabana, ga shi kuma ina tsoron abin da likita zai ce. Maimakon in faɗa wa kaina gaskiya cewa gajiya ce da tsoro, sai na durƙusa na ce, "Ya Ubangiji, zan dama kunu. In yaron nan ya sha, na san ka warkar da shi, ba sai mun je ko'ina ba."

Ya sha, Godiya. 'Yan cokula kaɗan, amma ya sha. Na tashi ina waƙar yabo. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce jikin yaron bai yi mata ba, a kai shi a duba. Na ce mata, da fara'ata, "Kada ki damu, na sami alama."

Washegari babanki ya iso. Ya ɗaga yaron, ya ga wuyansa ya sandare, ya fita neman babur. Sanƙarau ne. Allah cikin jinƙansa ya bar mana shi, amma kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Shi ya sa yayanki yake juyo da kai gaba ɗaya in kika yi masa magana ta wannan gefen. Ya yafe mini tun kafin in iya roƙonsa. Yanzu ma har wasa yake yi da abin, wai, "Mama, ai gata kika yi mini. In madam ta fara faɗa sai in kwanta a kan kunnen dama." Ina dariya tare da shi, amma ni na san kuɗin wannan dariya.

Ki lura da kyau: a wannan karon alamar da na roƙa ta zo. Ita ce kuma ta kusa kashe mini ɗa. Ni na rubuta tambayar, ni na zaɓi amsar da ta fi mini sauƙi, ni na ba kaina maki, sa'an nan na sa sunan Allah a ƙasan takardar. Bai taɓa yi mini alkawari a kan kunu ba. Ya dai ba ni ƙafa, ya ba ni maƙwabciya mai ido, ya sa akwai asibiti.

A inda za ki, za ki ga iyaye mata irina. Za su zo a makare, da yaro a goye, suna cewa an yi musu mafarki, ko wani mai addu'a ya ce su jira. Ranki zai ɓaci. Ki tuna uwarki tana cikinsu. A asibitin nan wata nas ta same ni a tsaye a baranda, ina jiran ta zage ni, don na cancanta. Sai ta jawo mini benci ta ce, "Madam, zauna. Kin kawo shi, shi ne babba." Ban san sunanta ba, amma ina jin tun ranar Allah ya fara shirya aikin da za ki je yi. Ki faɗa musu gaskiya ba tare da rage ta ba, cewa gobe su zo da wuri, amma ki fara jawo musu benci.

Na ukun gajere ne. Da Goggo Saratu ta rasu, na roƙi Allah ya nuna mini ita a mafarki, ko sau ɗaya, in ga tana cikin hutu. Ba abin da na gani. Mafarkaina duk na banza ne, yau na makara zuwa aji, gobe alli ya ƙare. Sai na fara fassara shirun. Na ce ko akwai matsala ne? Ko ni ce ba a jin addu'ata? Na daina koyar da matasa na wani lokaci, ina zuwa sujada kamar mai zuwa biyan tara.

Babanki ne ya gaji da ganina haka. Muna karyawa ya ce, "Malama, ranar aurenmu na yi miki alkawari a gaban jama'a. Kullum safiya kina cewa in kawo shaida?"

Na ce, "Kai ai ina ganinka."

Ya ce, "To. Wanda ya yi wa Goggo alkawarin rai, ni da shi wa ya fi gaskiya?"

Ya ci gaba da shan kokonsa kamar bai ce komai ba.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. A kasuwa haka ne, kada ki sayi doya a cikin buhu. Amma alkawari ba a idon mai karɓa yake tsayawa ba, a halin mai yi yake tsayawa. Goggo ta ba da gaskiya ga Almasihu, shi kuwa ya mutu ya tashi, ya ce nasa za su rayu. In alama nake so, wace ce ta wuce wannan? Ni ce na raina babbar da aka riga aka ba ni, ina kukan ƙarama. A aikinki za ki karɓi rai da hannunki, wata rana kuma rai zai fita a hannunki bayan kin yi duk abin da kika iya. Ba kullum za a yi miki bayani ba. Ki yi kukanki, kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Amma kada ki ɗauki shirun Allah a matsayin ya juya baya. Malami ma yakan yi shiru a ɗakin jarrabawa, alhali yana nan tsaye.

Za ki ce wadda ta sha waɗannan darussa ai ta gama makaranta. Ni ma haka na zata, sai ga maganar tafiyarki.

Gaskiya ita ce na ji tsoro. Na ji labaran hanya, kamar yadda kowa yake ji. Na ji cewa a garin sai an hau tudu ake samun sabis na waya. Na dubi ɗakinki na ga yadda zai zama in ba ke. Ban so ki tafi ba, ban kuma so in zama uwar da ta hana 'yarta aikin Ubangiji, ni da nake tsayawa gaban 'ya'yan mutane ina cewa su amsa kira. Sai tsohuwar cutar ta motsa.

Kin san lemun tsamin nan na bayan gida. Tun shigowarmu gidan nan aka dasa shi, ya yi tsawo, ya yi ganye, ya yi ƙaya, bai taɓa yin fure ko ɗaya ba. Maƙwabciyarmu Hajiya Binta, ita da take aiki a ma'aikatar tarayya, takan leƙo ta katanga ta ce, "Malama, wannan lemon naku irinmu ne, ma'aikacin gwamnati. Kullum yana bakin aiki, ba a ganin sakamako." A gindinsa na tsaya wata safiya, da tsintsiya a hannu, na ce, "Ya Ubangiji, in nufinka ne yarinyar nan ta tafi, bari itacen nan ya yi fure kafin ranar tafiya."

Ki ji abin da ban gaya wa kowa ba. Ban zaɓi lemon don ina sa rai zai yi fure ba. Na zaɓe shi don na san ba zai yi ba. Kowane malami ya san yadda ake shirya tambayar da ba mai ci. Ina so "a'a" ɗin ta fito, amma ta fito da sunan Allah, don kada ki ga laifina. Da kunu na zaɓi alama mai sauƙi don ina son "i". Da lemo na zaɓi mai wuya don ina son "a'a". Duka biyun ba muryarsa nake nema ba, tawa nake so ya sa wa hannu.

Kuskuren da na yi, wanda yanzu nake gode wa Allah dominsa, shi ne na gaya wa babanki maganar furen. Kin san cikinsa ba ya riƙe magana.

Shekaranjiya da safe na fito shanya sai wani wari ya tare ni. Na zagaya baya, sai ga ki a durƙushe a gindin lemon, da ɗaurin ƙirji a kan rigar barci, kin tone ƙasa kewaye da shi, ga buhun kashin kaji a buɗe, ga bokitin ruwa. Ke da kika gama makarantar ungozoma da yabo, hannunki dumu-dumu har gwiwa.

Na ce, "Godiya, me kike yi haka?"

Kika zabura, kika rasa inda za ki ɓoye hannun. Sai kika ce, a hankali, "Mama, ina ɗan taimaka wa Allah ne."

"Wa ya gaya miki?"

Kika waiga wajen gida. Sai muryar babanki ta fito ta tagar ɗaki: "Ni fa ba ruwana, Malama. Buhun kawai na ɗauko mata daga wurin masu sayar da furanni."

Na juya na shige ciki, na kuma san kin ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Na kama masu satar amsa iri-iri a rayuwata, mai rubutu a cinya, mai ɓoyewa a cikin safa, amma ban taɓa kama wadda take satar wa Allah amsa ba. Na zauna a bakin gado dariya ta kama ni har hawaye, sa'an nan hawayen suka ƙi tsayawa bayan dariyar ta tafi.

Domin na ga abin da na yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ke da kika zo mini da zuciya ɗaya kika ce kin karɓi kira, na mai da ke mai lallashin itace. Kin yi addu'a, kin nemi shawarar fasto da malamanki, kin san ana bukatar ungozoma a wurin, kin san Allah ya ba ki hannun aikin. Duk wannan na ture gefe, na rataya rayuwarki a reshen da ko tsuntsu ba ya son sauka a kai saboda ƙaya. Na kuma tambayi kaina: da ya yi furen fa? Da na sake ki ina dogara ga kashin kaji, ina kiransa muryar Ubangiji. Ranar da wahala ta same ki a can, da me za ki tsaya? Da fure? Fure ai kwana kaɗan yake yi ya zube.

A bakin gadon nan na janye jarrabawar. Na ce, "Ya Uba, na soke. Ka gafarta mini. Ba wanda yake bin ka bashin bayani, balle ni." Sa'an nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na koma ga abin da ya riga ya faɗa. Na bincika kamar ɗalibin da yake neman makin da zai tsallake da shi, ko akwai inda ya yi mini alkawari cewa ba abin da zai taɓa samunki. Ban samu ba, ba kuwa zan yi miki ƙarya in ce na samu. Abin da na samu shi ne yana tare da nasa, ba ya barinsu, ba ya yashe su, ba kuma abin da zai fizge su daga hannunsa, ko rai ko mutuwa. Da na zaci wannan bai isa ba. Yanzu na ga ya fi abin da nake roƙo, domin ni tsaron hanya ɗaya nake nema, shi kuwa kansa ya bayar.

Godiya, ban san yadda zan kwatanta miki sauƙin da na ji ba. Kamar na daɗe ɗauke da tulu a ka, har na manta yana nan, sai wani ya sauke mini. Ashe aikin sa wa Allah ido aiki ne mai gajiyarwa. Kullum kana dube-dube, wannan gajimaren me yake nufi, wancan mafarkin me yake nufi, me ya sa waya ta yanke. Jiya na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Tsoron bai tafi duka ba, kada in cika baki. In kika kwana biyu ba ki hau tudun nan kin kira ni ba, zan zagaya gidan nan har babanki ya kore ni. Amma tsoro ne na uwa kawai, na daina sa masa rigar annabci.

Ga abin da nake so ki ɗauka, ki sa kusa da Littafinki. In za ki yanke shawara, ki yi addu'a, ki tambayi masu hankali, ki yi amfani da ilimin da aka ba ki, sa'an nan ki taka. Bangaskiya ba ta hana ki tambayar direba ko hanya lafiya, ba ta hana ki tafiya da rana, ba ta hana ki kwana cikin gidan sauro. In wani ya zo ya ce an nuna masa wani abu a kanki, ki saurara da ladabi, ki auna da Maganar Allah, kada ki ba kowa linzaminki don ya iya rawar murya. In kuma Ubangiji da kansa ya ga dama ya ƙarfafa ki ta wata hanya ta musamman, ki karɓa da godiya. Kyauta daban, sharaɗi daban. Mai ba da kyauta shi ke zaɓen lokacinta. Kuma duk ranar da kika ji bakinki yana shirin cewa, "Ya Allah, in kaza ya faru, to na sani," ki tsaya ki tambayi kanki amsar da kike so a ɓoye. Yawanci a nan maganar take. Sa'an nan ki tuna warin shekaranjiya.

Hajiya Binta ta aiko miki da yaji da kilishi, suna cikin jakar hannunki. Da na gaya mata kin kusa tafiya ta ce, "Malama, 'ya'ya amana ce, ba mallaka ba. Mu namu addu'a." Ki leƙa ki yi mata sallama kafin ki wuce. Bulus zai zo ya kai ki tasha, ki zauna ta damansa in kina so ya ji nasihar da za ki yi masa.

Na leƙa lemon ɗazu. Ba fure, ko alamarsa. Ganyen ƙasa ma sun fara ja, babanki ya ce takin ya yi masa yawa, wai kun kusa kashe shaidar gaba ɗaya. Na tsaya ina kallonsa, na ga itace ne kawai, mai ganye da ƙaya, na kuma ji ina son sa fiye da da.

Kin ce sai da bakina. To gobe da safe, kafin ki ɗauki akwati, ki same ni a gindinsa. Ki taho da mai ɗaukar buhu ya zama shaida. A nan, ƙarƙashin rassan da ba su ce komai ba, zan ɗora hannuna a kanki in ce ki tafi. In kuwa wata shekara ya ga dama ya yi fure har ya yi 'ya'ya, zan aiko miki da su ki matsa a shayi. Kada ki nemi ma'ana a ciki. Lemo ne.

Ubangiji ya yi miki albarka, autata. Ya tsare fitarki daga gidan nan da shigarki garin da ba ki sani ba. Ya sa albarka a hannuwanki, su zama sanyi ga mai naƙuda da maraba ga jariri. Ya ba ki abokan aiki masu gaskiya, ya ba ki barci mai daɗi, ya kāre ki daga mugun ji da mugun gani. Ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da ya ga dama, mu kuma ya koya mana jira. Cikin sunan Yesu, amin.

Ni ce mamanki mai ƙaunarki,
Rifkatu